Shekarar da Ƙungiyarmu Ta Yi Uba

A 'yan shekarun farko bayan samun mulkin kai, da safe ni tela ne, da yamma kuma gola. Rumfata tana bakin kasuwar garinmu, wanda ke gefen hanya tsakanin Bakori da Malumfashi, filin ƙwallonmu kuwa yana bayan firamare. Na ce fili ne don dai ba ni da wani sunan da zan kira shi da shi. Da damina rabinsa gonar dawar hedimasta ce, sai an yi girbi mu bi mu tuge tushen kara, mu baje kunyoyi da fartanya. Duk da haka, in ƙwallo ta dira a wannan ɓangaren ita kaɗai ta san inda za ta nufa. Raga babu, gwangwala uku muka haɗa muka ɗaure da igiyar rama. Ni ma ba don na iya aka ba ni tsaron gida ba, tsawona aka duba.

Malaman makarantun yankin ne suka shirya gasa tsakanin garuruwa. Ana farawa bayan kaka, lokacin da aka kai auduga awo kowa ya sami sukuni, a gama kafin ruwa ya sauka. Akwai Malumfashi, da Bakori, da Kafur, da mu, sai kuma Funtua, waɗanda yawancinsu ma'aikatan reluwe ne da na gidan gurzar auduga, masu takalma da raga ta gaske. Tun da aka fara gasar mu ke riƙe da wutsiya, ba mai yi mana takara. Rigunanmu singileti ne da muka kai marina aka tsoma a baba. Da gumi ya karyo sai mu koma shuɗi tun daga wuya har cibiya, shi ya sa ko'ina muka sauka yara ke bin mu suna cewa marina sun iso.

Wani zuwa da muka yi Funtua, na yi ta sunkuyawa ina ɗauko ƙwallo daga raga har ƙuguna ya riƙe. Muka dawo a bayan lori, kan buhunan angurya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Sai da muka wuce Bakori kyaftin ɗinmu ya yi magana.

Shi kyaftin babban ɗan wata Bayarabiya ne mai sayar da kwanuka da atamfa a kasuwarmu. Mahaifinsu direba ne, ya rasu tun muna yara, a maƙabartar garinmu aka rufe shi. Da shi da ƙanensa a unguwar bayan kasuwa aka haife su, makarantar allo ɗaya muka yi, bulalar malam ɗaya muka sha. Shi yana buga tsakiya, ƙanen kuwa ɗan gaba ne, siriri, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ce a ƙafarsa aka ɗinke ta. Na ukunsu a iya wasa wani ɗan Ibo ne, Kirista, mai shagon kayan keke. Ya ɗan girme mu, ya taɓa bugawa a makarantar mishan can ƙasarsu. Shi ke tsaya mana a baya, shi ke yi wa robar ƙwallonmu faci in ta huje.

Abin da kyaftin ya ce a lorin nan shi ne, ba ƙarfi muka rasa ba, don kowa a cikinmu yana iya yini da garma a hannu. Ciwonmu ɗaya: in ƙwallo ta faɗi sai duk mu ruga kanta kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Ya ce wanda ya gaji da zama abin dariya ya same shi a fili gobe bayan sallar asuba.

Haka muka fara. Mu yi gudu har rafi mu dawo, sannan a raba mu, kowa a nuna masa gurbinsa, a hana shi barinsa ko da ƙwallo na kiran sunansa. Ni kuwa mai kayan keke ya kai ni cikin yashin rafi, ya yi ta jefo mini ƙwallo dama da hagu har na koyi faɗuwa da gefe ba tare da na rufe ido ba. Akwai wani ɗan Fulanin gida a cikinmu, mai gudu kamar barewa, wanda tun da ya fara wasa bai taɓa gane abin da ake nufi da satar gida ba. Duk lokacin da alƙalin wasa ya hura masa usur sai ya rantse bai saci kome ba. Shi ma a wannan asubancin ya gane. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna mana dariya, dattawa masu fitowa daga masallaci suna cewa ƙattin banza, in gudu muke so ga gonaki nan na neman hannu.  Da rana ta ɗaga kowa ya kama sana'arsa.

Da gasa ta dawo muka yi kunnen doki da Bakori. Muka ci Kafur. Sannan muka je har Malumfashi muka ci su a gaban mutanensu, abin da ko a mafarki ba mu taɓa sawa a rai ba. Ranar da muka sauka daga lori, har dattawan nan masu ce mana ƙattin banza sai da suka miƙo hannu.

Daga ranar ƙudaje suka ji ƙanshi.

Akwai wani Alhaji a garinmu, ɗan kamashon auduga, shi ke da faɗa a ji a fuloti, wurin da manoma ke kai auduga awo. Shekarar da ta wuce ya dawo daga Makka da haƙorin zinariya, ya kuma koyi wani murmushi na gefe ɗaya don haƙorin ya riƙa fitowa. Yana neman kujerar kansila, kowa ya sani. Ni na san shi fiye da yawancin mutane, don ni nake masa ɗinki, kuma duk Sallah sai na ƙara yadi a wajen ciki, shi kuma ya ce ɗinkin bara ne ya tsuke. Kafin wannan lokacin, abin da ya haɗa shi da ƙwallo ɗaya ne: ya taɓa sa aka sauke masa lodin itace a tsakiyar filinmu, da muka je roƙo ya ce mu zagaya shi mana, ba gudu muke so ba?

To wannan mutumin ne ya iso fili wata la'asar, da maroƙi a gaba, yaro ɗauke da kujera a baya. Ya zauna, ya sa aka tara mu, ya ce ya daɗe yana lura da mu, kuma ƙungiyar da ba ta da uba marainiya ce. Tun da ba wanda ya fito, shi ya yarda ya ɗauki nauyin. Ba wanda ya roƙe shi, amma ya yi maganar kamar wanda aka kwana ana yi wa magiya. Maroƙi ya wage baki. Kafin mu gama kallon juna mun yi uba.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, kayan da ya kawo daga Kano sun burge mu. Jajayen riguna masu santsi, sabuwar ƙwallo mai ƙanshin fata, da takalman ƙwallo cikin kwali. Ni na ɗinka wa rigunan lamba a baya, ina yi ina jin daɗi. Takalman ne dai aka samu matsala. Ashe kwantai ya samu a wani kanti ya kwashe gaba ɗaya, duk girmansu ɗaya, kamar an yi su don ƙafar ɗan doka. Muka cusa auduga a ciki, abin da garinmu bai rasa ba ke nan, amma mutanen da suka tashi suna murza ƙwallo da yatsa suka koma tafiyar agwagi. Kyaftin ya je ya roƙi a bar wanda ya fi son ƙafa tsirara ya buga a haka. Alhaji ya ce ba a ƙungiyarsa ba. Ba zai kashe dukiyarsa a ce yaransa sun fito kamar ƙauyawa ba. Mutumin da in ya je Funtua ma sai ya tambayi hanyar tasha.

Bayan takalma sai kwamiti. Aka naɗa mataimakin uba, da ma'aji, da sakatare, da mai ba uba shawara, da mai ba mataimaki shawara, har kwamiti ya fi 'yan wasa yawa. Duk 'yan zaman zaurensa ne, masu jiran ya yi atishawa su yi masa addu'a. A cikinsu ba wanda ƙafarsa ta taɓa taɓa ƙwallo. Ma'ajin ya taɓa jana gefe, da gaskensa, ya tambaye ni don me ni kaɗai nake da wayon kamawa da hannu, sauran suna ta wahalar da ƙafafunsu. Amma in ka ji su a zaure suna tsara yadda za a ci Funtua, sai ka rantse da ƙwallo aka yanke musu cibiya. Da ma inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Abu na farko da kwamiti ya yanke shi ne a daina fitowar asuba. Dalilin da suka bayar wai sanyi yana cutar da 'yan wasa. Dalilin gaskiya kuwa, da asuba ba mai ganin Alhaji. Aka mayar da atisaye bayan la'asar, lokacin da 'yan kasuwa ke tashi. Aka jera kujeru, ana raba goro, maroƙi na aikinsa. Koyarwar Alhaji ɗaya ce tak, a buga da ƙarfi, a buga sama. Duk wanda ya harba ƙwallo ta fi bishiyar ɗorawar makaranta tsawo sai ya miƙe ya tafa masa, kwamiti ma su miƙe. 'Yan wasa ma mutane ne, suna son tafi. Cikin 'yan makonni duk miƙa wa juna ƙwallo da muka sha wuya muka koya ta bi iska.

Sai kuma ɗan ƙanwarsa, magatakarda a fuloti, mai agogon hannu da mataji a aljihu. Aka ba shi rigar ɗan gaba, aka mayar da ƙanen kyaftin ɗan wasan gefe. Wannan saurayi yana tsoron ƙwallo kamar kunama. In ta taho da ƙarfi sai ya juya mata baya ya dafe ƙeya. Abu ɗaya ya iya, ɗora ƙafa a kanta ya riƙe ƙugu. Ranar da Alhaji ya ɗauko mai hoto daga Funtua, duk cikinmu ba wanda ya kai shi kama da ɗan wasa.

Muka je Bakori aka ci mu. Kwamiti ya zauna, ya bincika, ya gano ba takalma ba ne, ba ɗan ƙanwa ba ne, asiri aka yi mana. Aka samo wani abu a ƙunshe cikin fata aka binne a gindin gwangwalata, aka ce mini in kwantar da hankalina, duk ƙwallon da ta zo katanga za ta gani. Da Kafur suka zo ramuwa, ƙwallonsu ba ta ga katangar ba. Aka sake zama. Tun da asiri bai ɗauki laifin ba, dole a samo mai ɗauka, ga kuma wasan Funtua ya matso, a filinmu, wanda duk yankin za a zo kallo, zaɓe kuma na ƙofa.

Aka kira mu zauren Alhaji bayan magariba. Muka zauna a ƙasa, kwamiti na kan tabarmi, shi yana kan kujera. Ya yi doguwar shimfiɗa a kan kishin gari, da yadda baƙo, kome daɗewarsa, ba ya jin zafin gari kamar ɗan gida. Sannan ya dubi kyaftin da ƙanensa da mai kayan keke.

"Ba korarku muka yi ba," in ji shi. "Amma wasan Funtua wasan gari ne. 'Ya'yan gari za su buga."

Kyaftin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To Alhaji, mu 'ya'yan wane gari ne?"

Alhaji ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi azara. Can wani daga baya ya ce ai kowa ya san asalinsa. Na ce in asali ake nema a zo mu je maƙabarta, kabarin ubansu yana kusa da na kakana, sai a tambaye su wanne ne baƙo. Alhaji ya fito da haƙorin nan, ya ce tela da allura aka san shi, ba da shari'a ba, kuma teloli ba su ƙare a gari ba. Kwamiti suka yi dariya tare, kamar an ƙirga musu.

Mai kayan keke ya tashi ya je shagonsa ya ɗauko takalman, ya jera su a ƙofar zaure, ya ce cikin Hausarsa mai ɗan gargada da ma ba su taɓa yi masa daidai ba. Ya yi mana sai da safe ya tafi.

A waje muka ce ba za mu buga ba, Alhaji ya sa kwamitinsa su sa rigunan. Kyaftin ne ya hana. Ya ce don wannan wasan muka sha raɓar asuba, bai kamata mu bar wa mutum ɗaya ya raba mu da shi ba. Mu buga, shi zai zo ya tsaya a bayan golata.

Saura cike gurbi uku. A nan ne hikimar kwamiti ta fito fili. Aka tura ɗan ƙanwa Zariya ya samo 'ya'yan gari. Ana gobe wasa ya sauka da wasu ƙatti uku, masu faɗin ƙirji da wando mai tsukakkiyar ƙafa, ba wanda ya san inda kasuwarmu take a cikinsu, ɗaya ma da ƙyar yake amsa gaisuwa da Hausa. Aka umarce mu in an tambaya mu ce 'yan garin nan ne da ke karatu a Zariya. Ɗaya aka ce ɗan ma'aji ne, alhali duk garin an san ma'aji 'ya'ya mata kaɗai Allah ya ba shi. Aka sauke su a ɗakin baƙin Alhaji, aka yanka musu kaji, da safe aka ƙara, da rana aka kai fura. Mutane suna leƙowa suna cewa lalle yau Funtua ta shiga uku. Holoƙo ne, hadarin kaka.

Ban taɓa ganin taro a garinmu irin na ranar ba. Mutanen ƙauyuka sun zo a kan jakai da kekuna, yara sun cika rassan ɗorawa, mata suna leƙe ta kan katangar makaranta, hakimi ya aiko wakili. An kafa wa Alhaji laima a tsakiya. Da 'yan Funtua suka sauka daga lorinsu, ɗaya daga cikinsu ya hangi ɗan ma'ajin na aro, ya fashe da dariya, ya je ya rungume shi yana tambayarsa wa ya bar wa tsaron ƙofar silima yau. 

Aka hura usur. Ɗaya a cikin baƙin ya iya wasa, ba zan hana shi ba, sai dai ba ya ba kowa ƙwallo in ba abokan zuwansa ba. Mu a wurinsa itatuwa ne aka dasa a fili. Na biyu bai daɗe ba ya dafa gwiwoyi yana haki, kaji da fura suna neman hanyar fita. Na uku, wanda aka sa a gurbin mai kayan keke, irin na Alhaji ne sosai: duk ƙwallon da ta zo sai ya aika ta sama, laima ta ɗauki tafi. A ɗaya daga cikin irin wannan harbin ne ta goce masa ta bi ta kaina ta faɗa gidanmu. Har a nan sai da wasu 'yan kwamiti suka fara tafawa kafin a taɓa su.

Dama ɗaya muka samu. Ɗan Fulanin nan ya faki ido ya tuɓe takalmansa ya yar, ya bi gefe da gudu ya wuce mutum biyu, ya kawo ƙwallo ya ajiye ta a gaban ɗan ƙanwa, ba kowa tsakaninsa da gola. Saurayi ya ja da baya, ya rufe ido, ya kai duka da iyakar ƙarfinsa. Takalminsa ya tashi sama, auduga na zuba daga ciki, ya tsallake gwangwala ya faɗa cikin 'yan kallo. Ƙwallo tana nan inda take. Golan Funtua ya tako a hankali ya ɗauke ta, yana dariya har yana tari.

Na kama abin da zan iya kamawa. Faɗuwar yashin rafi ta yi mini rana, kyaftin kuma yana bayana yana gaya mini ta inda za su ɓullo. Amma mutum ɗaya ba ya tare ambaliya. Kafin hutun rabin lokaci sun yi mana cin da ba na son tunawa, 'yan kallo kuma sun fara kiran a dawo da 'ya'yan mai kwanuka.

Alhaji ya ji, wakilin hakimi ma ya ji. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ya turo ma'aji bayan golata, inda su ukun ke tsaye suna shan rake. Ma'aji ya gyara murya ya ce Alhaji ya yafe musu, su zo su karɓi riguna.

Kyaftin ya tofar da tukar rake, ya ce, "Malam, ka gai da Alhaji. Ka ce masa baƙi ne, kallo suka zo."

Ƙanen ne ya kasa daurewa. Yaro ne mai zuciya, tun da aka fara cinmu idonsa ya kawo ruwa. Ya fizgi riga daga jikin mai hakin nan, wanda ya miƙa ta da murna, ya ruga fili. Alƙalin wasa, wani malamin makaranta daga Malumfashi, ya tare shi. A wancan zamanin doka ba ta yarda da canjin ɗan wasa ba. Wanda ya fara shi zai gama, in ya gaza a ci gaba babu shi. Duk yaron da ke kan ɗorawa ya san haka. Uban ƙungiya da kwamitinsa ne kaɗai ba su sani ba.

Alhaji ya taso yana baza babbar riga, ya tambayi malamin ko ya san da wa yake magana. Malamin ya ce ya sani, ranka ya daɗe, amma ba shi ya yi dokar ba. Alhaji ya ce rigunan nasa ne, takalman nasa ne, ƙwallon tasa ce, don haka shi zai faɗi mai bugawa. Malamin ya sa usur a baki ya ce a koma wasa.

Abin da ya biyo baya, yara ƙanana ne na san suna yin sa a lungu in an ci su. Wannan dattijo, mai iyali, mai neman shugabancin jama'a, ya taka har tsakiyar fili, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ƙwallon ya cusa ta cikin babbar riga, ya juya ya nufi gida. Kwamiti suka bi shi a jere, kowa ɗauke da kujerarsa. Maroƙi ya buɗe baki ya rasa kirarin da ya dace, ya rufe. Wani yaro daga kan bishiya ya ce ga Alhaji can ya yi ciki biyu, fili ya ɗauki dariya, ta raka shi har ƙofar gida. Wakilin hakimi ya hau kekensa bai yi wa kowa sallama ba. Ƙattin Zariya kuwa, kafin a waiwaya sun kai bakin hanya suna tsayar da mota.

Malamin ya ce wasa ya ƙare, Funtua ta ci. Muna nan tsaye kamar waɗanda aka yi wa sata, sai kyaftin ɗin Funtua ya zo ya ce suna da tasu ƙwallon a lori, rana kuma da saura. In muna so a buga, ba don kofi ba, don dai kada mutanen da suka taho daga nesa su koma haka. Muka tuɓe jajayen rigunan da takalman muka tara a inda laima take. Kyaftin ya shigo, ƙanensa ya shigo, mai kayan keke ya naɗe ƙafar wando ya tsaya a gabana. Gurbin ɗan ƙanwa wani ɗan makaranta ya cike. Muka buga ba riga ba takalmi har rana ta yi ja. Sun ci mu a wannan ma, amma da ƙyar, kuma sai da ƙanen kyaftin ya sa golansu ya sunkuya ya ɗauko ƙwallo daga bayansa, ya sake sunkuyawa. Ba a rubuta wasan a ko'ina ba. Ni dai ban taɓa buga wanda ya fi shi ba.

Malaman da ke shirya gasa suka cire garinmu, a ƙarashen wannan shekarar da mai zuwa. Alhaji ya kai wa hakimi bayani cewa alƙalin wasa ne ya nuna son kai, 'yan wasa kuma ba su da tarbiyya, shi ya sa ya janye hannunsa. 'Yan kwamiti suka riƙa zuwa rumfata ɗai-ɗai, kowa ya rage murya ya ce wallahi shi tun farko bai goyi bayan cire yaran nan ba, an dai fi ƙarfinsa ne. Da yamma kuma in na wuce in gan su a zaure, a jere kan tabarmar nan, suna dariya kafin Alhaji ya gama magana. Ya kai ɗinkinsa wurin wani telan. Zaɓe ya zo ya ci kujerarsa.

Kyaftin da ƙanensa suka riƙa hawa keke zuwa Malumfashi, suna buga wa mutanen can, waɗanda ba su tambaye su 'ya'yan wane gari ba ne. Mai kayan keke ya zauna da mu har shekarar da ƙasa ta rikice. Wata safiya ya ba ni famfon da muke hura ƙwallo da shi, ya hau lori da matarsa da 'ya'yansa, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ƙungiyarmu ba ta sake tashi ba sai a hannun ƙannenmu.

Shekaru da yawa bayan haka aka yi wa garin fili na gaske, mai turakun ƙarfe da raga. Ranar buɗewa aka ba Alhaji lasifika, ya tsufa, haƙorin ma ya faɗi. Ya ce yana gode wa Allah da ya nuna masa wannan rana, domin shi ne mutum na farko da ya kawo ƙwallo garin nan. Na ce haka ne, shi ne kuma na farko da ya tafi da ita. Da ƙarfi na faɗa, kuma a kewaye da ni akwai mutane da yawa da ke kan ɗorawa a waccan ranar, yanzu da furfurarsu. Ba wanda ya waiwayo. Suna ta tafi.